Hannu Ko Zuciya: Gardamar Masu Zanen Barkwanci

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu zane a Kano, tun daga masu rubuta allunan shaguna a bakin Titin Zariya wajen Gyaɗi-Gyaɗi, har zuwa samarin da ke zane da waya a kasuwar Farm Centre ta Tarauni. Wasu sun ce zanen barkwanci gwanintar hannu ce, wato a iya fitar da fuska da inuwa da lanƙwasar babbar riga. Wasu kuwa sun ce saƙo shi ne komai, ko da hannu na rawa.

Mu dai a namu ganin, an ɗora tambayar a karkace. Gwaninta ba ado ba ce da ake yaɓa wa saƙo daga baya, ita ce ke sa a yarda da shi. Nan kuwa haɗarin yake.

Mu dubi Hergé, mutumin Beljiyam. Da wuya a sami mai tsabtar layi kamarsa. Amma a labarinsa na Tintin a Kwango, wanda ya fara fitowa a 1930, ya zana baƙar fata da manyan leɓɓa, tamkar yaran da ba su san komai ba sai Bature ya koya musu. A 1946 ya sake zana littafin da launi, hannun ya ƙara nuna, rainin kuwa bai gushe ba. Da ɗan koyo ne ya yi wannan ɓatanci, da tuni an manta. Kyan zanen ne ya shigar da shi ɗakunan yara shekara da shekaru.

To, sai masu cewa saƙo ya wadatar su kawo mana Naji al-Ali, Bafalasɗinen da aka harbe a Landan a 1987. Yaronsa Handala, wanda ya ɓullo a 1969, 'yan layuka ne kawai: ƙafa ba takalmi, tufafi duk faci, ya juya wa mai kallo baya. Sai dai wannan hujja ba tasu ba ce. Sanin abin da za a bari ba a zana ba, ai shi ne ƙololuwar iyawa, kuma malalaci ba ya kai wa gare shi. Da yawa daga masu fakewa da "saƙo" a garin nan, in an bi ta barawo, yatsun hannu ne ba su iya zanawa ba, shi ya sa mutanensu kullum hannu na cikin aljihu.