Wa zai raba lokaci a kan dogon Khartum?

Dogon da sojojin Janar Kitchener na Birtaniya suka shimfiɗo daga Wadi Halfa a 1897, aka ci Omdurman da taimakonsa a 1898, ya iso Khartum ta Arewa a ƙarshen 1899, kuma har yau galibinsa layi ɗaya ne tal. Jirage biyu ba sa giftawa sai a tasha, dole ɗaya ya raɓe ya jira. Don haka abin da ake rabawa a kan dogo lokaci ne: wa zai wuce da asuba, wa zai kwana da taragunsa a Atbara. Hukumar jiragen ƙasa ta Sudan ita ke da layin, ita ke da jirage, kuma ta taɓa barin kamfanoni masu zaman kansu su ɗora nasu a kai. Tambayar fiƙihu ce tsantsa: ya halatta mai rabo ya zama yana da kaso a cikin abin da yake rabawa?

Malikawa ba sa karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita, ko da an san shi da gaskiya, kuma alƙali ba ya yanke hukunci a shari'ar da ta shafe shi. Dalilin shi ne tuhuma. Ma'aikacin da ya tsayar da jirgin riɗin wani ɗan kasuwa don na hukuma ya wuce zuwa Port Sudan zai iya yin daidai, amma mai riɗin ba shi da hanyar sani, sai ya kwashe kayansa ya koma kan manyan motoci. Akwai kuma hukuncin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ruwan kwarin Mahzur a Madina: na sama ya tare ruwa har idon sawu, sannan ya sake wa na ƙasa. An san ƙa'idar tun kafin ruwan ya zo. Tarayyar Turai ma, a dokarta ta 2001, ta ce a raba mai tsara lokaci da mai tuƙa jirgi.

Za a ce wane rabo kuma, bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ragargaza Khartum, jiragen ma nawa suka rage? Ai a lokacin ƙaranci ne rabo ke zafi, kuma wanda zai sayo kan jirgi da kuɗinsa zai fara tambayar wa ke riƙe da jadawali. Suka mafi nauyi ita ce ko an ware mai rabo daga hukumar, gwamnati ce dai za ta naɗa shi. Haka ne, kamar yadda sarki ke naɗa alƙali, malamai kuma ba su ce a rushe alƙalanci saboda haka ba. Sharaɗin shi ne kada albashinsa ya fito daga ribar jiragen hukuma, ya kafe ƙa'idar fifiko a tasha kowa ya karanta, wanda aka tsayar kuma ya sami inda zai ɗaukaka ƙara.