A Kan Wa Ake Koyon Aski?

Masu iya magana sun ce a kan maraya ake koyon aski. Dalili kuwa a fili yake, domin idan aska ta zame ta yanke shi, ba shi da uban da zai zo ya tuhumi wanzami. Wannan magana ce ta faɗo mana a rai da muke tunani a kan ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam, waɗanda ake turawa sanin makamar aiki kafin a ba su shaidar ƙwarewa.

A Amurka, mai neman digirin digirgir a fannin warkar da damuwa ba ya kammalawa sai ya yi shekara guda yana aiki da masu lalura, kuma da yawa a cibiyar ba da shawara ta wata jami'a suke yin ta. Ɗalibi zai shigo da abin da ya hana shi barci, ko rasuwar mahaifi, ko ma tunanin halaka kansa, ya tarar wanda zai saurare shi ɗalibi ne kamarsa. A nan gida ma haka abin yake, domin masu koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau a kan mutane masu rai suke gwada hannu. To, shin ya halatta mutum ya koyi sana'a a kan ciwon wani?

Wani zai ce a dakata sai ɗalibi ya ƙware. Amma ai ba a koyon iyo a tudu. Littafi zai gaya masa alamomin ciwo, sai dai ba zai koya masa yadda ake yin shiru ba sa'ad da mutum ya fashe da kuka a gabansa. Idan muka hana ɗan koyo taɓa kowa, gobe za mu nemi gwani mu rasa. Saboda haka koyon dole ne, abin dubawa shi ne sharuɗɗansa.

Na farko, gaskiya. Wajibi ne mai lalura ya san cewa ɗan koyo ne a gabansa, kuma a ba shi damar ya ce a'a. Na biyu, malami. Yaron wanzami ba ya yin ƙaho ko cire belu sai ubangidansa na zaune kusa, haka shi ma ɗalibi dole ya rinƙa kai aikinsa gaban ƙwararre yana gyara masa. A nan ne sharaɗi na uku ya taso, wato amana. Tunda ɗalibi zai kai wa malaminsa abin da ya ji, wani lokaci har da ɗaukar murya, ashe sirrin ya fita daga ɗaki. Lallai a sanar da mai shi tun farko wa zai ji, wa ba zai ji ba. A ƙasar da kalmar taɓin hankali kaɗai ta isa ta fasa auren yarinya, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Amma ko an cika waɗannan duka, muna ganin da sauran magana. Wanda ya buɗe wa ɗan koyo zuciyarsa ya ba shi abin da kuɗin makaranta ba ya saye, kuma wannan bashi ne. Wa za a biya? Mu dubi Watari, a Ƙaramar Hukumar Bagwai. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwa ya kife a madatsar ruwan, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Addu'a da ta'aziyya da taron dangi magani ne babba, ba mu raina su ba. To amma bayan an watse, uwar da har yanzu ba ta iya kallon ruwa fa? Ƙwararrun suna birni, ita kuwa tana ƙauye.

Ba sabon abu muke nema ba. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya tare da danginsu a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, yana aiki har da masu maganin gargajiya. Bugu da ƙari, a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai doka ba ta da ƙafar zuwa Bagwai, mutum ne zai je.

Kada kuma a fahimce mu a baibai. Ba cewa muke yi a tura 'yan koyo ƙauye su kaɗai ba, domin wannan shi ne ainihin koyon aski a kan maraya. Cewa muke yi su je tare da malamansu, idan sun ƙware kuma su tuna da hanya. Wanda ya koya a kan talaka, ya ƙware ya rufe ƙofa sai ga mai kuɗi, ya ci bashi ya gudu. Allah Ya ba mu ikon sauke amana, amin.