Shin Ana Gadon Laifi?

Ni mutumin Nasarawa Burkullu ne, cikin ƙasar Bukkuyum, kuma ban taɓa ganin teku da idona ba sai da neman ilmi ya kai ni Jami'ar Cape Coast ta ƙasar Gana. Wata ranar Asabar cikin shekarar 2022, wani abokina ɗan zangon Kumasi, wanda Hausa ce harshen gidansu, ya ce in shirya mu tafi Elmina buɗe ido. Garin kuwa ba nisa, tafiyar ba ta kai rabin awa ba a motar haya. Na tafi da niyyar ɗaukar hoto in aika gida, na komo da wata tambaya wadda har yau ta hana ni sakat. Ita na ke so in shimfiɗa gaban 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu, ko Allah ya sa a sami mai warware mini ita.

Elmina garin masunta ne, ko'ina kwale-kwale da ƙarnin kifi. Abin da ke kai baƙi can shi ne wani ƙaton farin gini a bakin teku, fada da kurkuku a haɗe. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637, sa'an nan ya koma hannun Ingila a 1872. Da farko zinariya ta kawo su. Har ma akwai zamanin da mutanen Fotugal ke sayo bayi daga wajajen Binin su kawo nan, su sayar wa fataken ƙasar a ba su zinariya. Daga baya ciniki ya juya, mutum ya zama shi ne hajar da a ke fitarwa.

Mai yi mana jagora ya shiga da mu ɗakunan ƙasa inda a ke tsare bayi. Duhu, da zafi, da wani wari da shekaru ba su gusar ba. Ya nuna mana tsakar gidan mata, da barandar da gwamna kan tsaya ya zaɓi wadda ya ke so, da 'yar siririyar ƙofar da a ke fitar da su ɗaya ɗaya zuwa jirgi. Sa'an nan ya hau da mu bene, ya ce nan ne majami'ar Turawan Holan, kuma ɗakin matan da muka baro yana ƙarƙashin ƙafafunmu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Muna fitowa na shiga zagin Turawa, na ce jikokinsu duk suna ɗauke da wannan alhaki har tashin duniya. Abokina ya bari sai da na gaji, sa'an nan ya ce, "Malam, ka taɓa jin Salaga?" Na ce ai ita ce kasuwar Gwanja, inda kakanninmu ke fataucin goro. Ya ce, "To, ba goro kaɗai a ke ciniki can ba, kuma da Hausa a ke yin cinikin."

Na yi shiru, domin gaskiya ya faɗa. Na kuwa san abin da ya fi haka. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasarmu sun jefa Hausawa da yawa hannun dillalai, aka gangara da su Ikko da sauran tashoshin gaɓar teku, har suka tsinci kansu a Bahia ta ƙasar Birazil, inda a ka san su da yunƙurin tawaye a 1807 da 1814. Ba Bature ya zo Gobir ko Zamfara ya kamo su ba. A gida kuma akwai rinji, akwai ƙwarƙwara, akwai kasuwar bayi a manyan birane. Sai a 1901 Turawan mulki suka zartar cewa duk ɗan da a ka haifa daga sannan ɗa ne, kuma bauta ba ta haramta ɗungum a Nijeriya ta Arewa ba sai 1936. Watau dai zamanin kakannin iyayenmu ne, ba na Bayajida ba.

Na san amsar da wani zai ba ni, don ni ma na ba abokina ita a mota. Za a ce bautarmu daban ce: bawa kan biya murgu ya yi sana'ar kansa, ya kan fanshi kansa, ɗan ƙwarƙwara ya kan gaji sarauta, bayin sarki sun riƙe muƙaman da 'ya'ya ke rusuna musu. Duk haka ne, kuma ban yarda a daidaita wannan da gonakin rake na Birazil ba. Amma ranar da mahaya suka faɗa wa ƙauye, aka raba uwa da ɗanta, ba na jin uwar ta tsaya tambayar ko teku za a kai shi ko rinji.

To, ga tambayar. In har jikan Bature na ɗauke da laifin Elmina, ni ma ina ɗauke da na Salaga. In kuwa ni ba ni da laifi, don me na ɗora masa? Addininmu ya koya mana kowa nasa kaya zai ɗauka ranar hisabi, hankali ma ya yarda da haka, don ba a hukunta mutum kan abin da a ka yi ba a haife shi ba. Saboda haka na janye zagin da na yi. Sai dai janyewar ba ta ba ni kwanciyar rai ba, kuma na daɗe kafin in gane dalili.

Majami'ar nan ce dalilin. Waɗanda ke ibada a cikinta ba aljannu ba ne. Mutane ne masu iyali, masu ganin kansu na kirki, sun dai saba ne har kukan da ke ƙasa ya zama musu kamar ƙarar teku. A ganina zunubi ba a gadonsa, amma sabo ana gadonsa, kamar yadda a ke gadon gona. Idon da ya koyi yi wa ɗan Adam kuɗi ba ya mantawa don an kafa doka.

Wanda ke shakka ya dubi ƙasarmu. A Fabrairun 2021 an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe cikin dare. A Janairun 2022 an afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka hallaka mutane masu yawa. Ni kaina na ga an zauna a zaure ana haɗa kuɗin fansar wani ɗan'uwanmu, ana taya shi ta waya kamar sa a kasuwa, a ce kaza, a ce a rage. Masu bindiga su ne a ɗakin ƙasa. Amma wa ke saye shanun sata da araha? Wa ke kai labarin wanda ya sayar da hatsi? Waɗannan a bene su ke, kuma sahunmu ɗaya da su a masallaci.

Ban kuwa fid da kaina ba. Ina yaro na tambayi kakata me ya sa a ke ce wa mutanen wani gida "na gidanmu" alhali ba dangi ba ne. Ta ce, "Kai ɗan nan, bar wagga magana." Na bari. Da na zo hutu bayan tafiyar Elmina, na tarar wani saurayi daga gidan nan, mai ilmi da sana'a, ya nemi auren wata ƙanwarmu. Manya suka taru, ba wanda ya ambaci kalmar, sai dai a ka ce a bincika asali. Baffana ya juyo ya ce, "Kai da ka yi karatu har Gana, me ka gani?" Hotunan ɗakin ƙasan nan suna cikin wayar da ke aljihuna. Na sunkuyar da kai na ce, "Baffa, abin da manya suka gani shi ne daidai."

An ba da ita ga wani kafin in koma makaranta.