GASKIYAR BAKI DA GASKIYAR CINIKI

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a duba wata tambaya wadda ke da sauƙi a ido, amma tana da wuyar warwarewa: shin mutum yana iya cutar ɗan'uwansa alhali bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba? Zan gina bayanina a kan filash, wato ɗan abin nan da muke soka wa kwamfuta don adana rubuce-rubucenmu.

Ɗalibi zai sayi filash, a jikin kwalinsa an rubuta cewa gudunsa yana kaiwa "har zuwa" megabait 150 a daƙiƙa. Idan haka ne, aikin da ya kai gigabait 3 zai shige cikin daƙiƙa 20. Amma in abin da filash ɗin ke iya rubutawa bai wuce megabait 10 ba, sai an yi minti 5 ana jira, wataƙila ma a ɗauke wuta kafin a gama. To, wa ke da laifi?

Kafin a yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san abu uku. Na farko, filash yana da gudu biyu: na karanto abin da ke cikinsa, da na rubuta sabo a ciki. Lambar da ake bugawa da manyan haruffa galibi ta karantawa ce, ta rubutawa kuwa, wadda ta fi ƙanƙanta ƙwarai, sau da yawa ba a ambatonta. Na biyu, akwai bambanci tsakanin bit da bait, domin bit 8 ke yin bait ɗaya. Tsarin USB 2.0 da ya fito a shekarar 2000 iyakarsa megabit 480 ce, wato megabait 60, kuma a aikace ba ya kaiwa nan. USB 3.0 na shekarar 2008 shi ne ya kai gigabit 5. Na uku, ko da filash ɗin sabon yayi ne, in kafar kwamfutar tsohuwa ce, da gudun tsohuwar zai tafi. Mu mutanen Shinaka mun san wannan tun a gona: duk yawan ruwan da ke madatsar Goronyo, abin da zai iso fadamarka gwargwadon faɗin magudanarka ne.

Masu kare ɗan kasuwa suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Sukan ce an rubuta "har zuwa", ba a ce "kullum" ba. Sukan ƙara da cewa araha ba ta ado, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na yarda cewa inda tsufan kwamfuta ne ya jawo nawar, ba a ga laifin mai kanti. Sai dai karin maganar rariya ba ta zauna daidai a nan ba. Hudojin rariya a fili suke, mai saye yana ganinsu. Nawar filash kuwa a ɓoye take, wanda ya ƙera shi ya auna ta, ya san ta, sa'an nan ya zaɓi lambar da zai nuna da wadda zai rufe.

Mu koma kasuwa. A ƙasar Goronyo da Wurno da Raba, inda albasa ke cikin manyan abubuwan da ake nomawa, kowa ya san dabarar jera manya a bakin buhu, a cusa ƙanana a ƙasa. Mai yin haka ba ya buƙatar buɗe baki. In ka tambaye shi ko akwai manya a ciki, zai ce akwai, kuma bai yi ƙarya ba. Duk da haka babu dattijon da zai kira wannan da wani suna in ba algus ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito game da mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe ya nuna haka, domin abin da aka zarge shi da shi ɓoyewa ne, ba furuci ba. Lambar da ke kan kwalin filash ita ce babbar albasar bakin buhu.

Saboda haka, a ganina, ba a auna gaskiyar ciniki da kalmomin da suka fita daga baki. Ana auna ta ne da abin da aka bari a zuciyar mai saye. Idan ka shirya maganarka don ya fahimci abin da ka san ba haka yake ba, to ka cuce shi, ko da kowace kalma taka za ta tsira a gaban alƙali. Nauyin bayani kuwa yana kan wanda ya fi sani, domin a ciniki sani ƙarfi ne, mai ƙarfi kuma shi ake tambaya adalci. Kada mu manta cewa kuɗin da ɗalibi ya bayar sau da yawa guminsa na wani tsoho ne da ya yi rani yana ban ruwa.

A ƙarshe, 'yan'uwana ɗalibai da malamaina, wannan awo ya hau kanmu mu ma. Mu da muke nazarin harshe mun fi kowa sanin yadda 'yar ƙaramar kalma kamar "har" ke iya ɗaukar kayan yaudara. Gobe wasunmu za su rubuta tallace-tallace, wasu labarai, wasu rahoton ofis. Wanda duk ya ɗauki alƙalami, kafin ya ce "ban yi ƙarya ba", sai ya fara tambayar kansa: me mai karatu zai ɗauka, kuma shin hakan ne gaskiya?