Auren da alƙali ya raba ba a gaban miji ba

Tambaya: Malam, mijin ƙanwata ya tafi ci-rani Legas, shekara 2 ba aike ba saƙo. Ta kai ƙara kotun shari'ar Musulunci, aka aika masa sammaci bai zo ba, alƙali ya raba auren. Yanzu ya dawo yana cewa matarsa ce, tunda bai furta saki ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Rashin furucinsa ba hujja ba ne. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, alƙali yana yanke hukunci a kan wanda ba ya nan, yana kuma saki a madadin mijin da ya bar iyali ba ci ba sha. Daga cikin hujjojin malamai akwai ƙarar da Hindu ta kai a kan rowar mijinta Abu Sufyan, inda Annabi (SAW) ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da ɗiyanta, alhali mijin ba ya wurin.

Amma da sharaɗi: ta kawo shaidu, ta rantse bai bar mata komai ba kuma bai aiko ba, sannan alƙali ya ba shi wa'adi. Kada a rikita wannan da jiran shekara 4, wancan na matar wanda ya ɓace ne ya bar mata abin ciyarwa.

Abin da dangi suka fi mantawa shi ne sakin rashin ciyarwa yana da kome. In ya dawo tana cikin idda, kuma yana da halin ciyar da ita, zai iya mai da ita. In idda ta cika, ya zama kamar kowane manemi, sai da yardarta da waliyyi da sabon sadaki. Ku lissafa iddar daga ranar hukunci.

Ita kuma ta ji tsoron Allah. In yana turo mata kuɗi ta banki ko ta hannun direba ta ɓoye, takardar kotu ba ta halatta mata haram, kuma in ya tabbatar da haka hukuncin zai warware ko da ta yi wani aure. Wurin tabbatarwa kuwa shi ne ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin irin wannan. Rigima a zauren surukai ba ta soke hukuncin alƙali.

Allah ne mafi sani.