HAƘƘIN GARI A KAN WANDA YA ZAUNA CIKINSA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya sanya ta mazauni ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wurare da dama cikin Alƙur'ani Mai Girma Allah Ya umurci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa, su dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance. Saboda haka duk garin da Musulmi ya zauna, ko ya ratsa ya wuce, makaranta ce gare shi, in dai ya duba da idon basira.

Wanda ya tashi daga Funtuwa da kaka, ya bi ta Bakori ya nufi Malumfashi, zai ga dawa da masara da waken soya iyakar ganinsa. In ya tambayi dattawa, za su gaya masa cewa a da Maska ce babban gari a wannan yanki, ta yi suna a kan saƙa da rini. Da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wadda aka gama a 1929, ta bi ta Funtuwa, sai ciniki ya komo nan, har Sarkin Maska ya zama a Funtuwa yake zaune. Auduga ta yi kasuwa, aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. A 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, taki da sabon iri suka yawaita, masara ta samu shiga. Daga baya kuma kasuwar auduga ta ja baya. To, mai hankali ya gane cewa arzikin gari aro ne, Allah Yana juya shi yadda Ya so.

Alƙur'ani ya ba da labarin mutanen Saba'i na ƙasar Yaman, masu gonaki dama da hagu da aminci a hanyoyinsu. Da suka butulce, sai ambaliya ta cinye gonakin, suka watse cikin ƙasashe. Abin da ke tsare ni'imar gari shi ne godiya, ita kuwa godiya aiki ce, kuma ga mazaunin ƙasar noma tana da fuska uku.

Ta farko ita ce zakka. Idan hatsi ya kai wusuƙi biyar, watau sa'i 300, ya wajaba a fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar da shi, ko ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban ruwa aka noma shi. Wanda ya ɗure buhuna a rumbu bai fitar ba, ya ɓoye haƙƙin wani a cikin gidansa.

Ta biyu ita ce gaskiyar awo. Lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira a shekarar 622, wasu sahabbai irin su Bilalu sun yi fama da zazzaɓi da begen Makka. Sai ya roƙi Allah Ya sa musu son Madina kamar son Makka ko fiye, Ya kuma sa albarka a sa'inta da mudunta. A dubi yadda ya haɗa son gari da albarkar ma'auninsa. Mai awo a kasuwar Dandume ko ta Bakori wanda ya dake gindin mudu don ya tauye, albarkar garinsu yake ragewa da hannunsa.

Ta uku ita ce haƙƙin baƙo. Rashin tsaro da ya addabi wannan yanki, har aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, ya raba manoma da yawa na wajen Faskari da Sabuwa da gonakinsu, suka fake a manyan garuruwa. Waɗannan mutane jiya su ne masu ba da zakka. Mutanen Madina sun raba gidajensu da dukiyarsu da waɗanda suka yi hijira zuwa gare su. Wanda ya tsawwala wa ɗan gudun hijira kuɗin haya, ko ya saye dabbarsa da arha don ya ga ya matsu, ya tuna cewa Funtuwa kanta da baƙi ta cika ta bunƙasa. Hausawa sun ce baƙonka annabinka.

Suratuz Zalzala ta nuna cewa ranar Alƙiyama ƙasa za ta ba da labarinta, malaman tafsiri kuwa suka ce za ta yi shaida a kan abin da kowa ya aikata a bayanta. Gonar mutum da rumfarsa ta kasuwa da gidan da ya yi haya duk za su yi magana. Ya kamata kowa ya nemi shaidar alheri daga gare su tun yana da sauran kwana.

Allah Ya sa albarka a gonakin wannan ƙasa da mudunta, Ya mayar da waɗanda suka rasa muhallinsu gida lafiya, Ya jiƙan magabata. Amin.