Dattijon da ya tare ni a kan karatun 'yarsa a Turai



Ranar Juma'ar da ta wuce, muna fitowa daga masallaci a nan Dutse, wani dattijo ya riƙe hannuna. Ya ce, "Malam, yarinyata ta samu gurbin karatun likita a Turai, 'yan uwana sun ce in na bar ta ta tafi na jefar da ita. Mene ne hukunci?"

Na ce, "Baba, ran da aka kai iyalinka asibiti haihuwa, wa ka so ya duba ta?" Ya ce mace mana. Na ce, to wannan macen 'yar wani ce, ubanta ne ya daure ya bar ta ta yi karatu.

Jama'a, mu ne masu ƙorafi idan namiji ya duba matanmu, mu ne kuma masu hana 'ya'yanmu mata karatun. Likitanci farillar kifaya ne: in gari ya rasa mai yinsa, laifin yana wuyan kowa. Imam Ghazali ya koka da wannan a cikin Ihya'u, cewa garuruwa sun cika da masu fiƙihu amma babu likita Musulmi. Kuma karɓar ilimi mai amfani daga wanda ba Musulmi ba ba sabon abu ba ne. Bayan yaƙin Badar, wasu fursunonin Ƙuraishawa da koyar da yaran Madina rubutu suka fanshi kansu.

Ku tuna ɗalibanmu na Jigawa da ke karatun likita a Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 aka kwaso su, daga baya gwamnatin jiha ta mayar da wasunsu tsibirin Ƙubrus, wato Cyprus, don kada wahalarsu ta tafi a banza. Af, a wannan tsibirin fa aka binne sahabiya Ummu Haram bint Milhan (RA), tun zamanin Sayyidina Usman.

Amma ban ce wa dattijon ya rufe ido ba. Malamai sun gindaya sharuɗɗa uku ga mai irin wannan tafiya: ilimin da zai kare shi daga shubuhohi, addinin da zai kare shi daga son zuciya, da kuma buƙata ta gaske. In abin da za ta karanta akwai shi daidai gwargwado a Jami'ar Tarayya ta Dutse, to kusa da gida ya fi. Batun muharrami kuma ba wasa ba ne, a zauna da malami a duba yadda za a yi.

Na tambaye shi a ina za ta sauka, da su wa, akwai masallaci kusa, a ina za ta riƙa samun naman halal? Ya yi shiru. Ya ce zai bincika ya dawo mini Juma'a mai zuwa.

Ku sa shi da yarinyar a addu'a, Allah ya zaɓa musu mafi alheri.